Tabon da Ke Bayan Kunnen Kawu Nomau

Tun ranar da na dawo daga ƙasar Faranshi ba a bar ni na yi aski cikin natsuwa ba. Duk wanda ya zauna a tabarmata ya cire hula, kafin in jiƙa masa kai sai ka ji, "Garba, wai da gaske ne ka buge ɗan gardi a Maraɗi?" In na soma ba shi labari hannu ya tsaya, masu jira su yi ta tsaki. Shekaranjiya saura ƙiris in rage wa wani dattijo kunne saboda surutu. Shi ya sa na ce bari in zuba shi gaba ɗaya, daga fari har ƙarshe, wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba, ni kuma a bar ni da askata.

Waɗanda suka san gidanmu sun san Inna, mahaifiyata, ba haihuwar Kano ba ce, a Maraɗi aka haife ta. Shekarar wata babbar yunwa, tana 'yar shekara goma, ubanta ya ba da ita ga fataken da za su yo kudu, don ko ita ta sami abin sa wa a baka. A gidan madugun ta girma, nan babana ya aure ta, ba ta taɓa komawa ba. Amma ba rabuwar ce kaɗai ke cin ta ba. Ana gobe za a ba da ita, suka yi faɗa da ƙanenta Nomau a kan curin fura guda ɗaya. Ta ɗauki muciya ta rafka masa a bayan kunne, jini ya ɓalle, ita kuwa ta sure furar ta cinye a bayan rumbu. Da gari ya waye aka tafi da ita, shi yana kwance da kai ɗaure da tsumma, ko sallama ba su yi ba. Tun ina yaro, in Inna ta dama fura ba ta kai ludayi baki sai kowa ya ƙoshi, ta kurɓi abin da ya saura. Ta sha ce mini, "Garba, in ka girma ka je ka nemo mini gafarar yaron nan. Ba na so in kwanta dama da hakkinsa a kaina." Yaron nan take ce masa, alhali in yana raye ya isa furfura.

Na girma, amma tafiya ta ƙi. Da fari rasuwar babana ta bar mini rumfa da gida, daga baya yaƙin Turawa ya sa aka rufe hanya. Sai bana da kaka Allah ya nufa, na karɓi takardar wucewa, na wanke kekena har yana ɗaukar ido, na rataya zabira, Inna ta ƙulla mini goro a ganye. Murnar da na yi ranar, ko ta angwancina ba ta kai ta ba.

Motar kaya na hau zuwa Katsina, ni da keken a bisa buhunan gishiri. Sau uku muka tsaya faci, a na ukun har da mu aka yi turi. Daga Katsina na hau keke zuwa Jibiya, ko in ce muka riƙa karɓa-karɓa, wani wurin ya ɗauke ni, wurin yashi ni in ɗauke shi. Ni duk zatona iyakar Ingilishi da Faranshi ganuwa ce mai ƙofa da dogarai. Da na tambayi wani manomi ina iyakar, sai ya nuna mini wani ɗan dutse a tsakiyar gonarsa. Ya ce gerona na Faranshi ne, wakena na Ingilishi, haraji kuwa kowa na nema.

A Ɗan Isa ne aka tsayar da ni wurin 'yan kwastan, waɗanda su can suke kira duwan. Wani dogo mai jar dara ya zazzage zabirata a tebur, ya jera asake, ya ɗauki ƙahon da nake yi wa mutane ya sa a baki ya busa. Da bai yi ƙara ba sai ya ajiye yana hararata, sai ka ce ni na hana. Ya kaɗa ƙararrawar kekena sau uku, ya buga wa takardata hatimi, ya ce, "Tahi." Haka na shiga ƙasar Faranshi.

Da la'asar na isa Jiratawa, na sauka a zauren wani manomin taba mai suna Malam Isa. Mutanen nan akwai karamci. Kafin in kwance rawanina an dire mini ƙwaryar fura wadda a Kano mutum huɗu za su taru a kanta, wai ta shan ruwa ce kawai. Bayan magariba aka kawo tuwon gero da miyar kuka, an sa mata daddawar batso. Jama'a, warin daddawar nan ya riga akushin shigowa zaure. Na soma ci don kunya, na ƙare da suɗe hannu.

Muna cin goro na karanta wa Malam Isa kwatancen da Inna ta ba ni: in na shiga ta kudu zan ga marina, kusa da ita tsamiya babba, gida na uku daga tsamiyar shi ne nasu. Ya dube ni ya ce, "Wane Maraɗi kaka biɗa, na bisa ko na ƙasa?" Na ce Maraɗi biyu ne? Ya ce ai 'yan shekarun baya gulbi ya yi ambaliya ya cinye tsohon gari, Nasara ya sa kowa ya kwashe ya hau tudu. Na yi dariya na ce a ina aka taɓa naɗe birni kamar tabarma a kai shi wani wuri. Ya ce, "Gobe Litinin, kasuwa na ci. Gani ya kori ji."

Na yi sammako, don murna har waƙa nake yi a kan keke. Na gangara fadama tukuna, inda aka ce tsohon garin yake. Malam Isa bai yi ƙarya ba. Tsamiyar tana nan, ramukan marina sun cike da yashi, inda Inna ta ce gida na uku kuwa rogo ne ya yi kore shar. Na tsaya ina ƙirga gidajen da babu su. Wani mai ban ruwa ya ɗago ya gaishe ni, na tambaye shi ko ya san wani Nomau da ya zauna a nan. Ya yi dariya har ya ajiye gugarsa, ya ce, "Ni ma Nomau nike. Maƙwabcina Nomau. Duk wanda anka haihwa ana noma Nomau ne. Wane daga ciki?" Na faɗi sunan ubansu ya ce bai san shi ba, Inna kuwa ko sunan kakansu ba ta riƙe ba. Na ce tun da na zo, bari in ga garin da idona.

Da na hau tudu sai baƙin cikin ya ɗan gushe, don abin kallo ya yi yawa. Titunan sabon Maraɗi a miƙe suke sambal, ka tsaya a wannan baki ka hango wancan, ba irin lungunanmu da baƙo zai shiga da safe a nemo shi da azahar ba. Ga kantunan Turawa da na Larabawa a jere, ga buhunan gyaɗa, wadda su suke ce wa gujiya, an tara su dala-dala, ko da yake ba su kai namu tsawo ba, na kuma gaya musu hakan. Ga Buzaye da raƙuma sun sauke gishiri da dabino. Na ga burodi dogo kamar sandar makiyayi, mutum ya saƙale shi a hammata yana tafiya, na saya na gwada, sai da dasashina ya yi jini. Ni kuwa da yake wanzami ne, fuskoki na fi kallo. Tsagar Gobirawa ta burge ni ƙwarai, tun daga gefen baki har kunne, layi-layi, ba wanda ya hau wani. Duk wanda ya yi wannan aiki hannunsa ba ya rawa.

Ina cikin haka sai na ga mutane suna dārewa gefe, wai motar kumandan ce, babban Baturensu. Na yi maza na sauka na tuɓe takalmi kamar yadda muka saba. Da na waiwaya sai na ga ni kaɗai ne ba takalmi, ni kaɗai ne kuma da hula. Ashe su can hula ake cirewa. Kawuna fiye da ɗari a buɗe a gabana, rana na dukansu! Nan take tabon Kawu Nomau ya faɗo mini a rai. Kafin su mayar da hulunan na haye keke na bi gefen titi a hankali, ina leƙa bayan kunnen kowa.

To, ga inda tsautsayin ya zo. Mu a nan hannun hagu muke bi, su kuwa dama, kuma ba wanda ya gaya mini. Idona na kan ƙeyoyin mutane, sai ji na yi garam! Na yi karo da wani mai keke, muka zube tare. Da na ɗago sai na ga kaki da jar ɗamara, ɗan gardi ne, wato ɗan sandansu. Ya miƙe yana zuba Faransanci kamar ana soya gyaɗa. Ni kuma da ƙarfin halina na ce, "Ranka ya daɗe, ai kai ka bar hannunka." Kasuwa ta fashe da dariya. Ya damƙi hannun rigata ya ce sai bariki.

Allah ya taimake ni hularsa ta gangara cikin kwata, na ga kansa ya yi buzu-buzu. Na ce, "Ranka ya daɗe, kafin mu je, wannan kai bai dace da wannan kaki ba. Ba ni ɗan lokaci kaɗan." Ya shafa kan, ya nemi gindin bedi, wato darbejiya, ya zauna. Na kwance zabira na yi masa askin Kano, na gyara gemu, na fitar masa da saje. Da ya duba madubi sai ga haƙora. Ya ɗaga hannun damansa ya kaɗa mini a fuska, ya ce, "Nan ta nan aka bi," ya hau kekensa ya tafi.

Ban gama wanke askar ba na ji an fizge zabirar daga bayana. Wasu mutum biyu ne, kowanne da tasa zabirar a kafaɗa. Na san laifina tun kafin su faɗa. Ni da aka haifa cikin sana'ar nan, na zare aska a garin mutane ban gai da Sarkin Aska ba! Ko a Kano baƙo ya yi mana haka sai mun karɓe kayansa.

Suka tasa ni har rumfar wanzamai a bakin kasuwa. Da yake ranar kasuwa ce, wanzaman ƙauyuka duk sun hallara, sun fi ashirin. Sarkin Aska tsoho ne siriri mai farin gemu, yana zaune a kan buzu. Ya ce, "Kai baƙo, garinku haka aka yi? Ka iske gonar mutane ka kama girbi babu sallama?" Na durƙusa na ce tuba nake. Ya ce hukuncinsu sananne ne, za a yi mini aski da dakusasshiyar aska, babu ruwa babu sabulu. Na dafe hulata da hannu biyu, aka yi ta dariya, wani ya ce lalle wanzami ba ya son jarfa. Na kwance goron Inna na ajiye rabi a gabansa, na roƙi a bar ni in faɗi abin da ya kawo ni. Na faɗa musu duka, har muciyar, har curin furar.

Sarkin Aska ya ce, "Ɗana, suna ba shi gano mutum a ƙasag ga. Amma babu kan da bai ratsa hannun ɗayanmu ba. Hwaɗi tabon." Na ce bayan kunnen hagu, tsawon ɗan yatsa, a karkace. Nan fa musu ya tashi kamar malamai sun sami mas'ala. Wannan ya ce ya san mai irinsa a Madarumfa, aka ce a'a, wancan harbin jaki ne. Wani ya kawo nasa, aka ce wancan na dama ne, kuma Bafillace ne. Can sai wani ƙato mai tsagar Gobir, ana kiransa Bawa, ya tofar da goro ya ce, "Ku bari. Shekara huɗu ina kewaye tabon ga da aska. Nomau na bakin Tibiri, wanda ya taso daga tsohon gari bayan ruwa. In na tambaye shi mi ya same shi, sai shi ce tsohon bashi ne." Na ji kamar in rungume shi.

Aka mayar mini da zabirata, Bawa ya ce shi zai kai ni, amma a kekena. Da ya ji uwata Bakatsinar Maraɗi ce sai ya ce ashe bawansa ne ni, don tsakanin Gobirawa da Katsinawa akwai wasa. Haka na ɗauko ƙaton nan a baya har Tibiri, ina haki yana tsokanata, duk sanda muka hango jaki sai ya daka mini duka a kafaɗa ya ce, "Dama, ɗan Kano, dama!" Da muka isa zan jingina keken a wata bishiya mai tukunya a gindi, ya riƙe ni ya ce itacen nan da mai shi, mutanen unguwar na yi masa yanka. Na yi a'uzu a zuci na jingina shi a danga.

Muka iske wani mutum mai furfura yana ɗaure damman gero a ƙofar gida. Tun daga nesa na ga goshin Inna da hancinta. Na yi sallama na ce Nomau nake nema. Ya dubi keken, ya dubi takardar da ta leƙo daga aljihuna, ya ce, "Nomau ya tahi daji, sai bayan salla." Bawa ya raɗa mini cewa baƙo mai keke da takarda ba ya kawo musu alheri, ko haraji ne ko ɗibar soja. Sai ya ɗaga murya ya ce, "To, tunda Nomau ba shi nan, kai zamna a yi maka aski, kanka ya yi yawa. Baƙona za shi yi, in ga hannunshi." Mutumin ya zauna a kan turmi ya cire hula.

Na jiƙa kan, na soma daga goshi. Da na zagayo bayan kunnen hagu na kwashe gashin, sai ga shi, fari, a karkace, tsawon ɗan yatsa. Na ɗora yatsana a kai na ce, "Kawu, wadda ta yi maka wannan da muciya ita ta haife ni. Tana Kano, tana raye. Ta aiko ni ne in roƙar mata gafararka."

Can ya kira wani suna a hankali, sunan Inna na yarinta, wanda ba zan faɗa muku ba. Ya juyo da rabin kai a aske, hawaye na bin gemunsa, ya ce, "Ita ka biɗar gahwarata? Ɗana, ni na kai ƙararta. Da baba ya komo na nuna mai jinin, na ce ta cinye hurar ita ɗaya. Da sahe anka ba da ita. Shekara talatin da wani abu ina cewa bakina ya sai da 'yar'uwata." Na ce Inna ta gaya mana tun kafin faɗan an riga an gama magana da fataken, ta ji da kunnenta. Ya ce in sake faɗa, na sake. Sai ya kifa kai a gwiwa ya yi kuka irin na yara, ni ma na taya shi, Bawa da bakinsa ba ya rufuwa ya juya baya yana fyace hanci. Da ƙyar aka samu na ƙarasa askin kafin rana ta faɗi.

Kwanana shida a gidan, na ga 'yan'uwa har na kasa riƙe sunayensu, an yanka mini akuya, an kuma yi ta yi mini dariyar hannun hagu. Kawu ya ce da zarar ya gama kai amfanin gona rumbu zai zo Kano da ƙafarsa. Ranar da zan taso ya sussuka gero daga damin farko, ya ƙulla a jakar fata ya ɗaure mini a bayan keke da hannunsa. Ya ce, "Ka ce mata na yahe, ita ma ta yahe mini. Wanga kuwa nata ne. Ta dama ta sha ita ɗaya, babu mai kai ƙara."

Da na iso gida na faɗa wa Inna saƙon kamar yadda aka ba ni, ban rage ko kalma ba. Ta ce, "Da bakinsa ya faɗa?" Na ce da bakinsa. Washegari ta hana matata taɓa turmi, ita ta surfa, ta daka, ta dafa, ta kirɓa, ta dama da nono a sabuwar ƙwarya, ta zauna a tsakar gida. Jikoki suka kewaye ta da ludayansu kamar yadda suka saba. Ta kore su da hannu ta ce, "Yau ba taku ba ce." Ta yi bisimilla, ta sha, ta sha, har ta ɗaga ƙwaryar ta kafa kai, ba ta rage wa kowa ba.